Kaset Ɗin Baba Ba Zai Je Legas Ba

Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.
10 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Yayana Sunusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Anti Fiddausi da Ummu Hani da ƙannenta. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikinka, ya ba ku haƙurin wannan ruwan sama na Kalaba da kuke cewa ba ya ɗaukewa. Mu nan duk muna lafiya. Inna tana wurina tun bayan babbar Sallah saboda idonta. An yi mata aikin na dama, kuma ya yi kyau ƙwarai, don yanzu har ta fara ganin inda tsintsiyata ba ta kai ba a tsakar gida. Na hagun sai nan da wata biyu, in ji likita. Maigidana Maigandi yana nan yana fama da aikin ofis da ciwon bayansa, Adawiyya tawa kuma ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Ƙanenmu Musaddiq ya zo daga Gulma shekaranjiya, ya ce shinkafa ta yi kyau bana, ruwa bai ci komai ba sai ɗan gefen fadama ta gabas.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannu alhali lambata tana cikin wayarka. Dalili shi ne kai ba a gama magana da kai a waya. Ran Talata da ka kira mun fi minti ashirin, amma in aka tattara abin da na samu na faɗa, bai wuce "to" da "amma Yaya" ba. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Ka ce in goge waƙoƙin Baba daga wayata da duk inda na tura su, in sa hannu a takardar ban haƙurin da lauyan kamfani ya aiko, sannan in aika musu da kaset ɗin zuwa Legas. Na sa amsata tun a nan don kada ka wahala kana nemanta a ƙarshe: ba zan yi ko ɗaya ba. Tunda nake ban taɓa ce maka a'a ba, ko lokacin da ka zaɓa mini makarantar da ban so ba, don haka ka yi mini adalcin karanta dalilina har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Kai ka fi ni sanin Baba Labbo, Allah ya jiƙansa, amma bari in tuna maka, don na lura zaman Kalaba ya fara sa ka magana kamar ba a Gulma aka yanke maka cibiya ba. Shekara arba'in yana kaɗa gangar noma. Ba a yin gayya tun daga Gulma har bakin Argungu ba a aiko masa da goro ba. Bin bayan manoma yake yi da gangarsa, kunya bayan kunya, yana kiran kowa da sunansa da sunan ubansa da gonar da ya gada. Wanda ya yi gaba ya yabe shi, wanda ya maƙale ya tona masa asiri a gaban jama'a. A daminar 1986 wasu mutanen kamfani suka zo daga Legas da na'ura, suka bi shi gona kwana biyu suna ɗauka. Da za su tafi suka ba shi rediyo da yadin shadda, suka miƙa masa takarda da Turanci ya dangwala. Ba wanda ya karanta masa, shi ma bai tambaya ba, don a ganinsa baƙi sun yi masa alheri. Kaset uku suka fito, aka sayar da su a Argungu da Birnin Kebbi har Yawuri. Daga baya zamanin kaset ya wuce, Baba ma ya rasu, abin da ya rage mana shi ne ukun nan da Inna ta adana a kwalla ƙarƙashin zannuwanta.

Shekara uku da suka wuce kai da kanka ka kira ni kana murna, ka ce ka ga waƙoƙin Baba a wata manhaja da ake sayar da waƙoƙi. Ka koya mini yadda zan sa ta a waya. Na shiga, na ga hoton Baba da gangarsa, a ƙasa an rubuta kalmar saye da Turancin da ko Adawiyya za ta iya karantawa. Na danna, aka cire kuɗina, aka turo mini rasit, waƙa goma sha huɗu suka sauka cikin wayata tas, ba shuu ɗin nan na tsohon kaset. Yaya, abin da na sani game da saye shi ne in ka biya kuɗin akuya a kasuwar Argungu aka miƙa maka igiya, akuya ta zama taka, mai ita ba zai biyo ka gida bayan shekara uku ya kwance ta ba. Da wannan fahimtar na tafi Gulma ina ta cika baki. Na gaya wa Inna an gama wahalar rikoda mai cin zare, wannan ba ya tsufa, ba ya jin ruwa, ko wayar ta faɗa rijiya waƙar tana nan da sunana har abada. Haka na ce, har abada, kuma a gaban mutane na faɗa.

A shekarar ce tsuntsayen janbaki suka sauko wa fadama kamar an aiko su. Ka san dabarar mutanenmu: a fasa tsohon kaset, a zare zaren, a ɗaura shi daga sanda zuwa sanda a kan shinkafa. In rana ta haska shi yana walƙiya, in iska ta kaɗa shi yana ƙugi, tsuntsu ya tsorata ya ƙi sauka. Musaddiq ya bi gida-gida ya tattaro duk kaset ɗin da ya rage a Gulma, na Indiya da na biki, ya ɗaura, bai rufe rabin gonar ba. Shinkafa ta riga ta yi nono, in aka bar ta kwana uku sai dai a yanki kara. Sai ya zo ya tsuguna ya tambayi na kwallar Inna. Ba zan ɗora masa laifi ba, tambaya kawai ya yi, kuma Inna ta ƙi, ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ni ce na zauna na lallashe ta. Na ɗaga mata waya na kunna, na ce ga Baba nan a hannuna, mene ne amfanin roba uku da ba rikodar da za ta juya su, alhali abincin shekara yana shirin tafiya a bakin tsuntsu. Sai ta tashi ta ɗauko da hannunta ta ba shi. Washegari na tsaya a bakin fadama ina kallon zaren yana ƙyalli, har ina yi wa Musaddiq barkwanci cewa Baba ya dawo gadin gona. An samu shinkafa a shekarar. Zaren kuwa rana da iska suka cinye shi kafin a gama yanka.

Sati biyu bayan Inna ta zo nan, da safe bayan ta sha koko, ta ce in kunna mata kamar yadda muka saba. Na buɗe waya, sunayen waƙoƙin suna nan amma sun dusashe, in na danna ba abin da ke motsi, sai wani ɗan rubutu cewa ba a samun wannan yanzu. Na ɗauka data ce, na saya. Na ɗauka waya ce, na kai wa mai gyara. Kwana tara ina yi wa Inna ƙarya, yau in ce sabis, gobe in ce caji. Tsohuwar da aka rufe wa ido da auduga, ba ta da abin yi sai saurare, ita nake yi wa haka. A kwana na goma na kasa, na durƙusa na gaya mata gaskiya. Da faɗa ta yi mini da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, to mi anka saye, in mai abu na iya zakkuwa har cikin ɗaki shi amshe abinai. Sannan ta juya fuskarta bango. Har yau ban samu wanda ya amsa mata ba.

Ban zauna ba. Sau huɗu na rubuta wa masu manhajar kafin suka amsa, kuma cikin ladabi suka amsa, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi. Wai abin da na saya ba waƙa ba ce, izinin saurare ne, kuma haka yake rubuce a sharuɗɗan da na amince da su ranar da na shiga. Wai haƙƙin mallakar waƙoƙin ya koma hannun wani kamfani dabam, wanda ya sayi kamfanin da ya sayi wancan na farko, shi kuma ya janye su. Na nemo adireshin sabon kamfanin na rubuta musu. Na ce ni 'yar Labbo ce, ban zo da rigima ba, su faɗi inda ake sayarwa in sake saya. Bayan wata guda suka ce ba su da shirin sake fitar da waɗannan waƙoƙi, amma sun gode da sha'awata. Sha'awata, Yaya! Muryar ubana ce ake gode mini don na yi sha'awarta. Na tabbata a duk ginin nan nasu babu mutum ɗaya da ya san mece ce gayya, balle ya san inda Gulma take.

Allah da ikonsa, mafita ta fito daga bayan katangarmu. Ka tuna maƙwabciyata Caroline, Maman Paul, mutuniyar Filato, wadda ta dama maka kunun gyaɗa lokacin da ka yi zazzaɓi a gidana. Ta shigo duba Inna, ta ga ba ta cin abincin kirki, ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata. Sai ta riƙe baki ta ce ai marigayi mijinta Job shi ne dillalin kamfanin farkon a Birnin Kebbi, shi ma ya raka su Gulma don ba su san hanya ba. Kayan shagonsa suna nan cikin kwalaye a ɗakin ajiya, shekara goma sha ɗaya ba ta iya buɗe su ba. Ran Lahadi bayan ta dawo daga coci muka shiga ni da ita. Ga kyankyasai, ga kashin ɓera, tana ɗaga kaset tana karanta rubutun hannun mijinta tana share hawaye, ni ma ina taya ta. A kwali na bakwai muka same shi. Ba irin na kasuwa ba ne mai hoto, fari ne, an rubuta masa da jan biro, Labbo Gulma 86. Ta ce wanda mai ɗaukar ya bar wa Job ne kafin su koma Legas, don ya riƙa kunnawa a shago ya ga ko mutane za su so.

Zaren ya yi fumfuna, ya manne a wuri biyu. Ɗanta Paul, mai gyaran rediyo da talabijin a kasuwa, ya rufe shagonsa yini guda saboda shi. Ya kwance robar, ya goge zaren da auduga kaɗan-kaɗan yana juya shi da biro, inda ya tsinke ya haɗa, sannan ya jona wata tsohuwar rikoda da kwamfuta ya kwashe. Ya ƙi karɓar komai, ya ce yana yaro da wannan gangar babansa ke buɗe shago. Waƙa tara muka samu cikin goma sha huɗu. Biyar sun tafi, kuma na san ni ce sanadin ɓatansu. Sautin yana da shuu, wani wuri muryar tana lanƙwashewa, amma Baba ne. Da na kunna wa Inna ba ta yi kuka ba kamar yadda na zata. Tashi ta yi zaune ta ce a ƙara murya, sannan ta ce a zubo mata tuwon da ta ƙi ci da rana.

Daga nan labari ya kai Gulma, kuma ba ni na kai shi ba, Musaddiq ne da bakinsa da ba ya riƙe magana. Mutane suka fara zuwa da memorinsu a ƙulle a bakin zane. Ka gane, ba daɗin kiɗa ya kawo su ba, sunayen iyayensu ne a ciki. Yawancin waɗanda Baba ya kira a gonar nan sun rasu, ba su bar hoto ba, ba su bar rubutu ba. Gwaggo Baiwa, wadda ƙafarta ba ta kai ta ko ƙofar gida, ta sa aka ɗauko ta a mota har nan, don an ce mata an ambaci mijinta a waƙa ta huɗu. An ambace shi kuwa, a matsayin wanda ya ɓuya bayan tsamiya yana shan fura ana tsakar aiki. Ta yi dariya har ta shaƙe, ta ce wallahi halinai na, ta sa aka maimaita mata sau biyar. Wannan matar zan je in ce wa ta kawo memorinta in goge? Duk wanda ya zo na tura masa kyauta, kuma na ja wa kowa kunne cewa in na ji ya sayar, ni da shi ne. Ban san yawansu ba yanzu, don su ma suna tura wa 'yan uwansu.

Sai kai kuma, da na tura maka guda ɗaya, daɗi ya kwashe ka ka ɗora ta a intanet da sunanka, har ka rubuta a ƙasa cewa ƙanwarka ce ta samo tsohon kaset a Birnin Kebbi. Ban ga laifinka ba, ni ma da na iya da na yi. Kwana shida suka sa aka sauke ta, takardar lauya ta biyo baya. Su da sai da suka yi wata guda kafin su amsa mini sallama, ga shi kwana shida ya ishe su su gano ka a Kalaba. Na san abin da ke damunka. Kana da iyali, kana jiran ƙarin girma, ba ka son sunanka ya shiga kotu. Ka kuma ce kana jiye mini, ni malamar firamare, kada a kai ƙarata wurin aiki. Na gode, kuma ban raina tsoronka ba, don ni ma gabana ya faɗi. Har na sa Maigandi ya kai ni wurin wani abokinsa lauya. Ya karanta hoton takardar da ka turo, ya cire tabarau ya ce mini a takarda kam mai yiwuwa su ne da gaskiya, sai dai in za a tono yadda aka yi dangwalen nan, wannan kuma doguwar tafiya ce. Ka ga ban ɓoye maka ba. Ban ce doka tana bayana ba.

Amma ka saurare ni. Da suna sayarwa, wallahi da ban tura wa kowa ba, da na ce kowa ya je ya saya kamar yadda na saya. To ba sa sayarwa. Wane ciniki na ɓata musu? Sun kulle rumbu, ba za su ci ba, ba za su sayar ba, ba za su ba da iri ba, sannan sun zo suna ƙirga ɗan tsabar da ta zube a waje. Ka kuma dubi abin da suke nema. Gogewa da sa hannu na gane, amma me za su yi da farin kaset mai fumfuna? Ko dai nasu ya ɓace musu garin saye da sayarwar kamfani, ko kuma so suke su tabbatar ba wanda ya rage a hannun kowa. Ban san wanne ba ne, kuma duk biyun ba su yi mini ba. Na taɓa ba da kaset uku don na yarda da maganar mutanen da ban taɓa gani ba. Wancan karon rashin sani ne, in na sake kuma sai dai a kira shi wauta. Balle ma wannan ba nawa ba ne, gadon Maman Paul ne, ajiya ta ba ni. Na karanta mata takardar, ta ce su zo da kansu su gaya mata a fuskarta, tana gida kullum ban da Lahadi da safe.

Saboda haka ga abin da za ka yi, in ka yarda ƙanwa ta ba wanta shawara. Ka rubuta wa lauyan ka ce abin da ka ɗora an sauke, kaset ba ya hannunka, kuma ba ka da iko da mai riƙe da shi. Duk gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba. In sun tambayi wace ce, kada ka tsaya kwana-kwana, kuma kada ka ambaci Maman Paul. Ka ba su sunana cikakke, Asiya Labbo Gulma, da adireshin da ke saman wannan takarda. Na yi shawara da Maigandi, ya ce in ta kai ga kotu shi zai kai ni a babur ɗinsa. In alƙali ya tambaye ni zan faɗi abin da na yi ba ragi, in nuna rasit ɗina, in roƙe shi ya sa a dawo mini da abin da na saya. In ya ce na yi laifi zan ɗauki hukuncin, amma da bakina ba zan ce na yi nadama ba, kuma takardar da aka rubuta haka a cikinta ba za ta ga sa hannuna ba. Ran Asabar mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, Musaddiq ya kira gayyar yanka. Ya aro babbar sifika, za a ɗora ta a kan amalanke a bakin fadama, kuma 'ya'ya da jikokin mutanen da Baba ya kira su ne za su riƙe lauje. Ni da Inna za mu je, likita ya yarda in dai ta sa baƙin tabarau.

Saura magana ɗaya, wadda na so in faɗa maka ran Talata ba ka ba ni fili ba. Da niyyata in ɓoye ta sai ka zo gida in ba ka hannu da hannu, amma ka sa dole. Kaset ɗin Job ba a tace shi ba, yadda aka ɗauka a gona haka yake, da tarin mutane da ƙarar garma da duk abin da kamfani ya yanke kafin ya kai kasuwa. A ƙarshen gefe na biyu, ana tsakar waƙa, sai ganga ta tsaya. Ana jin guɗa daga nesa, sannan muryar Kawu Hodi, ƙanen Inna, yana haki yana gaya wa Baba cewa Inna ta sauka lafiya, an samu namiji. Ana jin Baba yana hamdala sau uku. Wani da Hausarsa ba ta nuna ba ya ce a ci gaba, zare yana tafiya. Sai Baba ya saki waƙar da yake yi ya kama wata wadda ba wanda ya taɓa ji a gidanmu, har Inna, don ita tana ɗaki a lokacin. Kusan minti biyar yana yi wa jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba. Ya kira shi baƙon Gulma, ya ce bai gan shi ba tukuna amma ya san ya ɗebo kunnuwan gidanmu, manoma suka fashe da dariya. Ya ce ko yaron ya riƙe garma ko bai riƙe ba, shi dai ya riga ya gode. Kai ne kake cewa Baba ya yabi kowane ƙato a Gulma amma bai taɓa buɗe baki ya yabe ka ba, don ka bar gona ka bi boko. Na sha jin ka faɗa da dariya, kuma na san ba dariya ba ce.

Wannan ban tura wa kowa ba. Ba ya cikin memorin mutanen Gulma, ba ya cikin wayata, kuma na sa Paul ya cire shi daga kwamfutarsa a gabana. Wuri biyu kaɗai yake a duniya: cikin kaset ɗin da ka ce in aika Legas, da cikin memorin da na manna da salatif a bayan wannan shafi. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai ka saurara har ƙarshe. In ka gama ka ga har yanzu gogewa ce daidai, ga shi nan a hannunka, ka goge da yatsanka. Ni dai ba za a yi da ni ba.

Mijin ƙawata Ma'u ne zai kawo maka takardar, motarsu ta albasa gobe za ta tashi. Ka gaishe mini da Anti Fiddausi, ka ce mata yajin da ta roƙa yana cikin ƙullin tare da busasshen kifi, kada ka buɗe kafin ta gani. Ka shafa mini kan Ummu Hani da ƙannenta. Maigandi da Adawiyya da Musaddiq suna gaishe ka, haka Maman Paul da Paul. Kawu Hodi ma yana gaishe ka, bai san muryarsa tana ciki ba tukuna. Inna kuwa na tambaye ta abin da zan rubuta maka, ta ce kada in rubuta komai. Ta ce gaisuwarta tana nan a ajiye, in ka gama saurare ka kira ta da kanka ka amsa.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka mai ƙaunarka, ko da ta ƙi jin maganarka,
Asiya.